Ƙasar wa kike zaune a kai?

Tambayar farko da aka yi mini ranar da na je neman aiki a cibiyar ɗalibai 'yan asalin ƙasa ta wata jami'a a Kanada, ban amsa ta daidai ba. Mutum huɗu ne suka kewaye tebur, mata uku da namiji ɗaya, ga butar shayi, ga faranti cike da wani soyayyen burodi mai kama da fanke. Babbarsu, wata dattijuwa mai furfura da kitso biyu har ƙirji, ta dube ni ta ce, "'Yata, ƙasar wa kike zaune a kai?" Ni kuwa na zayyano mata sunan titinmu da lambar gida, har da bas ɗin da nake hawa. Babu wanda ya yi dariya. Ta dai tura mini farantin ta ce in ci.

Sai da na koma gida na bincika na gane abin da take nufi. Birnin Winifeg, babban birnin lardin Manitoba a Kanada, yana kan ƙasar Yarjejeniya ta 1, wadda masarautar Ingila ta ƙulla da ƙabilun Anishinabe da Kiri, 'yan asalin ƙasar, a 1871, kuma nan ne cibiyar mutanen Metis, waɗanda suka samo asali daga auratayyar 'yan asalin ƙasa da Turawa. Ruwan famfon da na shekara ina alwala da shi daga tafkin Shoal yake zuwa, inda al'ummar da ke bakin tafkin ta yi shekara 24, daga 1997 zuwa 2021, ana ce mata ta tafasa ruwa kafin ta sha. Shekarata guda a garin, ina digiri na biyu a fannin ilimi, ban san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da na sani shi ne abin da 'yan uwanmu baƙi suka faɗa mini tun a makon farko: ki kiyayi unguwa kaza, 'yan asalin ƙasar nan mashaya ne, gwamnati tana ba su komai kyauta, har jami'a ba sa biya. Na haɗiye zancen ban tauna ba, kuma ina jin kunyar faɗin haka.

Duk da wannan amsa tawa, sun ɗauke ni. Malamar lissafi suke nema ta 'yan awoyi a mako, a cibiyar ɗalibai 'yan asalin ƙasa da ke jami'ar, ni kuma na koyar da lissafi shekara shida a wata sakandare a Zariya. Satumbar 2015 ke nan.

Aka ba ni tebur a lungu da farin allo. Na rubuta lokutana na manna a ƙofa, na zauna. Mako uku cur babu wanda ya zo. Ɗalibai suna shigowa, su gaisa da kowa, su shige kicin, su fito su wuce ni kamar tukunyar fure. Na fara tunanin ko launina ne, ko lulluɓina. A mako na huɗu dattijuwar nan, wadda kowa yake kira Kokum, wato kaka a harshen Kiri, ta zo ta ɗauke littafin da ke gabana ta rufe. Ta ce, "Wa ya san ki da zai kawo miki abin da ya gagare shi? Taso ki kwaɓa mana fulawa."

Burodin nan sunansa banok: fulawa, gishiri, hodar tashi, ruwa, sai a soya. Da na ga kitsen da za a saka, na tambaya, aka ce na alade ne. Na yi shiru ina neman yadda zan zame. Kokum ba ta ce komai ba, ta mayar da shi firij ta ɗauko man girki, kuma daga ranar ban sake ganin kitsen a kicin ɗin ba. A nan, hannuna dumu-dumu da ƙullu, wani saurayi ya tambaye ni a hankali, yana kallon kasko, ko na iya lissafin ƙididdiga. A bayan kwalin fulawa muka yi darasinmu na farko.

Haka aka yi da hayaƙi. Kowace safiyar Litinin sukan kunna busasshen ganye mai ƙamshi a cikin wani kwanso, a zagaya da shi, kowa ya jawo hayaƙin da tafin hannu ya shafa a kai da ƙirji, addu'a ce a wurinsu. Na je na same ta, da 'yar fargaba, na ce addinina bai ba ni wannan ba. Ta ce, "Ki tsaya a da'irar, in an zo kanki ki ɗora hannu a ƙirji, za a wuce. Masu cewa dole ai su suka gina makarantun da aka kai mu." Ita ce kuma ta kwashe kaya daga wani ɗan ɗaki ta ce in riƙa salla a ciki.

Makarantun da take nufi, a wannan shekarar kowa a Kanada yake zancensu, domin a 2015 ne Hukumar Gaskiya da Sulhu, ƙarƙashin alƙali Murray Sinclair, wanda shi kansa Anishinabe ne ɗan Manitoba, ta kammala aikinta ta fitar da kiraye-kiraye 94. Yara wajen 150,000 aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana da gwamnati ta ɗauki nauyi, coci-coci suka gudanar, aka hana su harshensu, aka yi musu duka da abin da ya fi duka, dubbai kuma ba su dawo ba. Sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe. Wato ba tarihin kakannin kakanni ba ne, wasu daga cikin ɗalibaina iyayensu ne suka shiga. Abin da ya fi tsaya mini a rai a matsayina na malama shi ne wani sashe na Dokar Indiyawa ta 1876, wanda ya tanadi cewa ɗan asalin ƙasa da ya sami digirin jami'a, ko ya zama lauya ko likita ko limamin coci, ya fita daga rajistar mutanensa. Ka yi karatu, a cire ka daga dangi. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin kakar da jikarta za ta tafi jami'a ta kama kuka ba.

A nan ma na yi wani katoɓara. Ina son in nuna cewa na fahimta, sai na ce wa Kokum ai mu ma Turawa sun mulke mu, kakanninmu ma sun ɓoye 'ya'yansu kada a kai su boko. Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Naku suna ina yanzu?" Na ce sun tafi tun 1960. Ta ce, "To." Can ta ƙara da cewa, "Da wane harshe kike yi wa 'ya'yanki faɗa?" Na ce Hausa. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da ɗinkin duwatsunta. Ita da Turanci take yi wa nata, domin na uwarta an fitar mata da shi da bulala tana shekara bakwai, sai da ta girma ta koma tana tsintarsa. Tun daga ranar na bar gwada ciwona da nasu. Ni baƙuwa ce da ta shigo da biza daga gwamnatin da suke kai ƙararta, kuma zama lafiyata a garin yana cikin abin da yarjejeniyar 1871 ta ba baƙi.

A 2017 aka buɗe gurbin mai ba ɗalibai shawara kan rajista da kuɗin karatu, na nema na samu. A nan na ga asalin aikin, kuma a nan labarin "karatu kyauta" ya watse a hannuna.

Ga yadda abin yake. Gwamnatin tarayya tana ware kuɗin tallafin karatun gaba da sakandare, ta tura wa kowace al'umma, majalisar al'ummar kuma ita take raba wa 'ya'yanta bisa ƙa'idojin da ta tsara. Daga 1996, kusan shekara 20, an ƙayyade cewa kuɗin ba zai ƙaru da fiye da kashi 2 cikin 100 a shekara ba, alhali kuɗin makaranta yana hawa, matasa masu gama sakandare suna yawa. Don haka kowace al'umma tana da layi. Yawanci waɗanda suka riga suka fara karatu ne a gaba, sai sababbin masu gama sakandare, sai wanda ya bar makaranta da daɗewa yana son dawowa, shi ne a wutsiya, yakan shekara biyu yana jira. Wanda ba shi da katin rajistar asali kuwa ba ya cikin lissafin nan sam, sai ya nemi wata ƙofar ko ya ci bashin karatu kamar kowa. Duk wanda ya taɓa bin takardar shaidar ƙaramar hukuma da layin hukumar tallafin karatu ta jiharsa a gida zai gane warin abin.

Aikina shi ne in riƙe zaren tsakanin ofisoshi uku da ba sa magana da juna. Ɗalibi yana buƙatar takardar shiga jami'a kafin al'ummarsa ta duba buƙatarsa, al'umma da yawa kuma suna rufe karɓar takardu tun kafin bazara ta yi nisa, wani lokaci kafin jami'a ta fitar da tata takardar. In an dace, al'umma ta aiko da wasiƙar ɗaukar nauyi, in kai ta ofishin kuɗi don kada a toshe wa ɗalibi rajista. Sai neman gida, wanda shi ne mafi ɗaci: na sha kiran mai gida a waya ya ce akwai ɗaki, mu je da ɗaliba ya ga fuskarta ya ce yanzun nan aka kama. Sai wurin renon yara, domin ɗalibaina da yawa iyaye ne. Ƙarshen kowane zango kuma a aika da sakamako gida, in ba haka ba kuɗin abinci na wata mai zuwa ba zai fito ba. Kowace al'umma da nata fom, da nata wa'adi, da nata sharaɗi. Na sayi babban littafi mai bangon kwali na riƙa rubuta su, shafi guda ga kowace al'umma, kuma har yau shi nake buɗewa kafin kwamfuta.

A shekarar farkon nan wata yarinya ta shigo ofishina, shekarunta 24, da yara biyu, ɗaya a hannu ɗaya riƙe da rigarta. Daga can arewacin lardin take, garin da babu titin mota sai jirgin sama, in ban da 'yan makonni a tsakiyar hunturu da tafkuna suke daskarewa a shimfiɗa hanya a kan ƙanƙara. Ba ta taɓa hawa bas ɗin birni ba. Sakandarenta ba a koyar da lissafin da sashen kasuwanci yake nema, don haka sai da ta fara da kwasa-kwasan share fage. Ba ta kallon mutum a ido, muryarta kamar ta mai raɗa, in na yi tambaya sai ta daɗe kafin ta amsa. Da farko na ɗauka ba ta gane ba ne, sai in sake maimaitawa da ƙarfi. Ashe tunani take yi, ni ce nake katse ta. Ni da aka rene ni a kan cewa yaro ba ya zuba wa babba ido, ban san yadda aka yi na manta ba.

Shekarar farko ta wuce lafiya. A Nuwamban shekara ta biyu ƙanenta ya rasu, yaro ɗan shekara 17. Ba zan faɗi yadda ya rasu ba. Ta tafi gida, kuma zaman makoki a wurinsu ba na yini ɗaya ba ne, kwanaki ake yi ana kwana da gawa, gari duka yana tare. Jami'a kuwa kalandarta ba ta san makoki ba: akwai ranar ƙarshe da ɗalibi zai iya janyewa daga kwas ba tare da an rubuta masa faɗuwa ba. Ta kira ni saura kwana biyu, layin yana yankewa, ta ce me za ta yi. Na duba makinta na ce ta janye daga kwas biyu cikin huɗu, ta riƙe biyun da take da ƙarfi a cikinsu. Ta ce to. Na cika mata takardar, ina jin na yi dabara.

Ban buɗe littafina ba. Da na buɗe, da na ga abin da na rubuta da hannuna: al'ummarta ba ta biyan kuɗin abinci da haya sai ga ɗalibi mai cikakken karatu, kwas biyu kuwa ba cikakke ba ne. Farkon Disamba kuɗi bai shigo ba. Ta dawo birni da yara biyu, sanyi ya kai 25 ƙasa da sifiri, mai gida yana buga ƙofa. Ba ta zo ta yi mini faɗa ba, ta dai daina zuwa cibiyar. Daga bakin wata ƙawarta na ji cewa ta fara haɗa kaya za ta koma gida gaba ɗaya.

Na je wa Kokum da ɗan ƙullin taba a cikin jan ƙyalle, domin haka ake yi in za a roƙi dattijo shawara, kamar yadda mu muke kai goro. Na faɗa mata duk abin da na yi. Na zaci za ta ce in rubuta wasiƙa. Ta ce, "Wasiƙa daga baya. Ki fara zuwa gidanta ki ce ke kika yi, kada ki ce tsari ne, kada ki ce ofis. Waɗannan yaran sun gaji da jin laifin da ba shi da mai shi." Na dafa shinkafa da miyar kaza na hau bas. Ta buɗe ƙofa, na faɗi abin da ya kawo ni a tsaye, ban ko cire takalmi ba. Ta yi shirun nan nata, wannan karon na bar ta. Can ta ce, "Shigo, ana sanyi."

Gyaran ya ci mako shida. Na kira jami'in ilimi na al'ummarsu sau biyar kafin na same shi, na gaya masa shawarata ce ta jawo, na bi da wasiƙa. Ya ce shi ba zai iya karya ƙa'ida ba, sai kwamitin ilimi ya zauna, ba kuma za su zauna ba sai bayan hutun Kirsimeti. Kafin nan muka samo mata tallafin gaggawa daga asusun jami'a, wanda ya biya haya wata ɗaya, ɗalibai kuma suka riƙa kai mata abinci daga kicin ɗin cibiya, har da naman dawa da wani ya kawo daga gida. Malaman kwasa-kwasai biyun da ta riƙe suka yarda a ɗaga mata jarrabawa, ɗaya da sauƙi, ɗaya sai da ya nemi takardar shaidar mutuwa, abin da ya sa na yi kwana biyu ba na son ganinsa. A Janairu kwamiti ya zauna ya mayar da ita layin masu ci gaba. Daga wannan abin ne muka fito da wata takarda mai shafi guda, wadda yanzu babu ɗalibin da zai janye daga kwas ta hannunmu sai an cika ta an kira gida tukuna.

Maganar koya wa ɗalibai shugabanci kuwa, da aka ce tana cikin aikina na zaci horo zan riƙa shiryawa da allo da takardu. Ba haka ta zo ba. A shekararta ta uku ƙungiyar ɗalibai 'yan asalin ƙasa ta rasa ma'aji, na ce mata ai ke kika fi kowa maki a lissafin kuɗi. Ta ƙi har sau biyu, sannan ta karɓa. Muka riƙa zama muna duba rasit, na nuna mata yadda ake rubuta kasafi da bayanan taro, Kokum kuma ta koya mata abin da ni ban iya ba, wato yadda ake barin kowa a da'ira ya gama maganarsa kafin a yanke. Ranar da za ta fara tsayawa gaban hukumar jami'a neman a ƙara wuraren renon yara, hannunta yana rawa, Kokum ta ba ta labarin Elijah Harper, ɗan Red Sucker Lake, can arewa kusa da su, wanda a 1990 ya zauna a majalisar Manitoba riƙe da gashin gaggafa, ya ce a'a da murya ƙasa-ƙasa, kuma wannan a'a ɗin ta taimaka wajen rusa gyaran tsarin mulkin da aka shirya ba tare da mutanensa ba. Ta ce mata, "Ba ihu ya yi ba. Ke ma ba sai kin yi ba."

Annobar korona ta ci mata shekara guda, domin ta koma gida, intanet ɗin garinsu kuwa ba ya ɗaukar darasin bidiyo. Ta gama a 2023, shekarar da Wab Kinew ya zama firimiyan Manitoba, mutum na farko daga Al'ummomin Farko, wato ƙabilu irin su Anishinabe da Kiri, da ya shugabanci wani lardi a Kanada. A bikin yaye ɗalibai na gargajiya, ana kaɗa babbar ganga, ta shigo fili da siket mai jerin ƙyallaye masu launi, aka yafa mata bargo mai zanen tauraro. Kakarta, wadda aka ɗauko a jirgi da keken guragu, ta riƙe hannuna ta daɗe tana magana da harshensu. Ban ji ko kalma ɗaya ba, na dai riƙa cewa amin. Dattawan yankin suna da wata magana, wai ilimi shi ne sabuwar ɓauna, domin a da ɓaunar daji ce abincinsu da suturarsu da ɗakinsu kafin a ƙarar da ita.

Bara da shugabar cibiyarmu ta yi ritaya, wasu abokan aiki suka ce in nemi kujerar, tunda na fi kowa daɗewa. Ban nema ba. Na yarda akwai 'yar ƙaiƙayi a raina, albashin ya fi nawa nesa, amma da ɗan gari ake cin gari, kuma ofishin nan nasu ne. Saurayin da na koya wa ƙididdiga a bayan kwalin fulawa shi ne ogana yanzu, shi yake sa hannu a takardar hutuna.

Ita kuwa ta koma gida, ta yi aiki a ofishin kuɗi na al'ummarsu, da zaɓe ya zo ta tsaya takarar kansila ta ci, aka ba ta ɓangaren ilimi. Layin nan da ta taɓa faɗowa daga cikinsa yanzu a teburinta yake, da ƙarancin kuɗinsa da komai. Abu na farko da ta kai gaban majalisa shi ne a saka sharaɗin makoki a ƙa'idar tallafi, wanda aka yi wa rasuwa kada a yanke masa kuɗin wannan zangon. Na buɗe littafina na gyara shafinsu da jan biro.

A makon jiya wayar ofis ta yi ƙara, na ga lambar arewa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Anti, ɗalibaina uku ne a wurinku, sakamakon biyu kawai na gani. Ranar Juma'a nake rufe lissafi." Na ce mata yau ɗin nan zan aiko, ranki ya daɗe.